Shagon hoton da ya goge wa Inna tsagenta

In kana Birnin Kebbi kuma kana da tsofaffin hotuna da danshi ya kama, akwai wani shagon hoto a wajen kasuwa da zan iya tura ka, amma da sharaɗi. Ka je da safe lokacin da dattijon mai shagon yake nan, kada ka danƙa wa yaronsa hotuna ka juya, kuma ka faɗa da bakinka cewa ba ka son gyara. Ba zan kama sunan shagon ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, ga shi mutumin ya riga ya ba ni haƙuri har ya sake aikin bai karɓi ko kwabo ba.

Hotunan daga adakar Inna suka fito. Allah ya yi mata rasuwa a 2017, aka raba abin da ake rabawa, adakar ta ci gaba da zama a ɗakinta a Argungu ba mai buɗewa. A daminar 2020, wadda ruwa ya cinye shinkafar fadama ya kuma kayar da gidajen ƙasa da dama a jihar nan, bangon ɗakin ya sha ruwa har ya dare. Aka ja adakar zuwa zaure, aka duba ta waje, aka ce ba abin da ya same ta. Sai bana da Yaya ta je neman wata takardar gona ta ɗaga zannuwan da ke ciki, ta tarar da baƙar leda a ƙasa. Hotuna 73 ne. Guda 19 sun manne da juna sun zama kamar ƙosai ɗaya, yawancin sauran kuma sun yi ja, sai ka ce an tsoma su a ruwan zoɓo.

Masu kyan cikinsu, waɗanda ba abin da ya taɓa su, su ne na situdiyo: baƙi da fari, labule mai zanen bene a baya, tukunyar furen roba a gefe. Ga ni nan ranar saukar karatu, na ƙame kamar an ce in na motsa za a harbe ni. Ga Yaya da ƙawayenta da anko, kowa ta ɗora hannu a gwiwa. Inna ba ta cikin ko ɗaya. Matar kulle ce, mai hoto ba ya wuce zaure, ita kuma ba ta zuwa situdiyo. Hotonta da muka sani duk rayuwarmu guda biyu ne, na fasfon Makka da na katin zaɓe, kuma a duka biyun ta ɗaure fuska ta rufe baki, wai kada a ce dattijuwa tana yi wa baƙo dariya.

Sauran duka aikin Kawu ne, ƙanenta, wanda a lokacin yake aiki a Sakkwato ya sayi wata 'yar kyamara mai cin fim. Fim ɗin ɗauka 36 yake yi, kuma ba a kai shi wanki sai ya cika. Kawu zai zo bikin kamun kifi ya tsaya a bakin kogin Matan Fada ya ƙarar da talatin a kan masunta, in ya dawo gida cin abinci sai ya ga saura biyar ko shida, sai ya harba su a tsakar gida don kawai ya samu ya cire fim ɗin. Na ɗauki na bikin ɗaya bayan ɗaya na duba. Kawuna ne ƙanana kamar ƙwayar gero, da goruna da homa, da ƙura. Ba mutum ɗaya da za ka ce ga wane. Bikin da aka faro tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ba ya jiran hoton Kawu. Ƙwararru sun ɗauke shi sau dubu, intanet cike take da su. Amma waɗancan biyar-biyar ɗin na cike gurbi, babu su a wurin kowa a duniya sai a cikin ledar nan. Kuma yawancinsu suna cikin waɗanda suka manne.

Na fara sa farce zan ɓamɓare, na ji takardar tana shirin tahowa da fuskar mutum, na bari.

Shagon ƙarami ne, benci ɗaya, kwamfuta biyu, injin buga hoto, da labulen ɗaukar fasfo fari da ja. Rabin masu shigowa fasfo suke so na cike fom, rabi kuma 'yan mata ne da hotunan biki a waya. Dattijon ya karɓi ledar, ya juya dunƙulen a hannunsa, ya shinshina. Ya ce, "Malam, ka kyauta da ba ka ja ba. Wanga abu cikin ruwa anka haihe shi, ruwa ka raba shi." Na ɗauka wasa yake. Ya sa yaron ya kawo roba da ruwan leda mai sanyi, ya nutsa dunƙulen ciki, ya ce in zauna. Wajen minti talatin yana taɓawa da ɗan yatsa yana bari, har suka fara saki da kansu, yana zare su ɗaya-ɗaya a cikin ruwan, ba a waje ba. Ya shimfiɗa su a kan tsohon zane, fuska sama, a inuwa, ya hana a kai su rana ko a sa musu fanka kusa. Goma sha shida suka fita. Uku kuwa launinsu ya narke ya bi ruwa muna kallo, kuma ya gaya mini tun kafin ya tsoma cewa hakan na iya faruwa ga waɗanda suka daɗe a jiƙe, ya ce in na yarda ya ci gaba. Kafin ya tsoma ma sai da ya ɗauki na saman dunƙulen da waya, ko da za a rasa shi. Wannan kaɗai ya isa in ce mutumin ya san aikinsa.

Muna jira yake ba ni labari. Ya yi shekaru a ɗakin duhu yana wanke baƙi da fari da hannu, masu launi kuma a tara a aika Sakkwato. Da wayoyi masu kyamara suka cika gari sana'ar ta juye, ya ce har kamfanin Kodak da kansa sai da ya je kotu a 2012 ya ce ya karye, balle shi. Shi ya bayyana mini dalilin jan da hotunan suka yi. Hoto mai launi rini uku ne a jere a jikin takarda, shuɗi mai ruwan kore, da ja mai ruwan hoda, da rawaya. A irin takardun wancan zamani shuɗin ne yake fara gudu, zafi da danshi kuma suna ƙara masa sauri, sai jan ya rage shi kaɗai. Baƙi da fari kuwa azurfa ce a jikinsa, shi ya sa nawa na saukar karatu yake nan kamar jiya aka ɗauka. Na ce to ai an yi rashin adalci, wanda ba a damu da shi ba shi ne mai tsawon rai. Ya yi dariya.

Da yaron ya kawo shawarar a yi musu laminatin don kada su ƙara lalacewa, dattijon ya harare shi. Ya ce zafi da gam ne, in ledar ta kama ta kama ke nan har abada, ko sikanin ba zai ƙara fita da kyau ba. Na ji kunya a raina, domin takardun makarantata duk na yi musu.

Kuɗi: raba waɗanda suka manne naira 3,000. Sikanin naira 200 kowane hoto, 70 suka kama 14,000. Bugawa a takarda inci 4 a 6 naira 300 kowane. Na zaɓi 24, na ce a yi kashi uku, nawa da na Yaya da na autarmu da ke aure a Jega, 21,600 ke nan. Babba guda ɗaya na sawa a firam 2,500. Ya yafe ɗoriyar ya ce in ba da dubu 40. Ga malamin makaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma na san akwai inda ake bugawa ƙasa da haka, sai dai ban san wani wuri a garin nan da za a zauna rabin awa ana lallaɓa takarda a cikin ruwa ba. Ya ce kwana uku. Kwana takwas aka yi, ana cewa ba wuta, janareta kuma ba ya ɗaukar injin. Wannan ban riƙe shi da zafi ba, duk wanda ke zaune a nan ya san zancen.

Laifina ɗaya, ranar karɓa da yamma na je bayan an tashi makaranta, dattijon ya fita. Yaron ya miƙo mini ambulan uku da babban hoton a naɗe cikin takarda, yana ta murmushi, ya ce, "Malam, sai ka ga yadda na gyara maka Hajiya. Ta hito tas." Ina sauri, ban buɗe ba. Ranar Asabar na hau mota zuwa Argungu na kai wa Yaya.

Hoton da na sa a yi babba shi ne wanda ya fi kowane. Washegarin Babbar Sallah ne ko bayanta da kwana biyu, domin kyamarar Kawu tana buga kwanan wata da jan rubutu a kusurwar ƙasa, kuma an rubuta 15 7 '89. An banƙare ragon a jikin itace an jingina shi ga wuta yadda ake yi a ƙasarmu. Inna tana durƙushe gaban murhu da matsami a hannu, ɗankwalinta ya zame, ta juyo tana yi wa wani faɗa tana kuma dariya a lokaci guda, baki buɗe. Bayanta rumbu ne, da turmi a kife, da fatar ragon an baza ta da toka, da wani yaro ba riga yana lasar hannu, wanda aka tabbatar mini ni ne. Hoton ya ɗan girgiza, hayaƙi ya rufe gefe ɗaya. In a gasar hoto ne ba zai kai ko'ina ba.

Yaya ta warware takardar, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wagga ba Inna ba ta."

Na ce ita ce mana, ga murhu, ga rumbu.

Ta ce, "Ina tsagenta? Mi anka yi ma huskatta?"

Sai a lokacin na duba da kyau. Inna Bakaba ce, tsagen Kabawa ne a kumatunta biyu, dogaye, waɗanda muna yara muke bin su da yatsa muna ƙirgawa in tana kwance. Babu ko ɗaya. Kumatu sumul kamar na 'yar shekara ashirin. Wushiryarta ta toshe. Haƙoranta da fure da goro suka rina sun koma fari fat. Idanun ma ba nata ba ne, an ƙara musu girma an sa musu wani ƙyalli. Kyakkyawar mace ce ƙwarai, tana durƙushe a tsakar gidanmu da zanen uwarmu, ba mu taɓa ganinta ba.

Abin da yaron ya yi, ya zuba hoton ne a cikin irin manhajar nan ta waya da ake cewa tana mayar da tsohon hoto sabo. Mutane suna zaton tana tono abin da ya dushe ne ta fito da shi. Ba haka take aiki ba. Abin da ya ɓace a takarda ya ɓace. Ita tana cike wurin ne da zato, daga ɗimbin fuskokin da aka horar da ita a kansu. In ta ga siraran layuka a kumatu a cikin hoto mai dishi-dishi, sai ta ɗauke su a matsayin ƙarzuwar takarda ta share. Ba ta san Kabi ba, ba ta san Gobir ba, ba ta san Zamfara ba. A ƙasar da tsage yake gaya maka gidan da mutum ya fito, kuma aka daina yi wa yara, tsofaffin hotunan nan su ne kusan wurin da ya rage da jikoki za su gan shi a fuskar nasu. 'Yata ta fari ba ta da ko ɗigo a fuska, kuma tana da shekara huɗu kakarta ta rasu. In wannan hoton na rataye mata a falo, wace kaka za ta sani?

Ƙananan ma da muka buɗe ambulan akwai matsala, ko da yake su bai taɓa fuskokinsu ba sai guda huɗu. Tsofaffin hotunan inci 3 da rabi ne a inci 5, takardar yanzu kuma 4 a 6. Fasalinsu bai zo ɗaya ba, don haka in aka ce inji ya cika takarda, sai ya datse sama da ƙasa. Kwanan watan nan na jan rubutu ya tafi a kusan dukansu. A babban kuwa, wanda ya matso da shi don fuskar ta cika ido, har da rumbun da rabin ragon.

Ranar Litinin da sassafe na koma, raina a ɓace. Na ajiye babban a gaban dattijon, na ajiye na asalin kusa da shi, ban ce komai ba. Ya sa tabarau ya dubi wannan ya dubi wancan. Shi ma da nasa tsagen a fuska. Ya kira yaron ya ce, "Kai, zo nan. In na mutu haka za ka yi min?" Yaron ya fara cewa ai kwastomomi sun fi son haka, kowa in ya kawo hoton tsohonsa cewa yake a sa shi ya fito. Kuma don Allah ba ƙarya ya yi ba, na sha ganin irinsu a Facebook ranar tunawa da mamaci, fuska kamar ta roba, ana ta zuba addu'a a ƙasa. Yaron ba mugunta ya yi ba, gwaninta ya yi mini. Abin da na riƙe a kansa shi ne bai tambaye ni ba, kuma a filashin da na bayar ya ɗora gyararrun ne a madadin na asali. Da na yar da tsofaffin takardun bisa dogaro da cewa ai suna cikin filashi, da shi ke nan.

Dattijon ya ce in ba shi zuwa Laraba. Wannan karon na zauna aka yi na farko a gabana. Ya sake sikanin ɗin duka a ɗigo 600 kowane inci maimakon 300 da yaron ya yi, ya ce 300 ya isa in girman da hoton yake za a maimaita, amma in za a ninka shi sai 600. Launi kaɗai ya taɓa: ya rage jan, ya dawo da shuɗin har zanen Inna ya koma kalar da Yaya ta ce ita ce. Tabon danshi da ke kan bango da ƙasa ya goge da hannu, wanda ya hau kan mutum ya bar shi. Ya buga kowane hoto cikakke da farin gefe, ba datsa. Ya ba ni fayil biyu na kowane, wanda aka taɓa launinsa da wanda ba a taɓa ba. Da zan tura wa autarmu ta WhatsApp ya ce in tura a matsayin fayil, in na tura a matsayin hoto manhajar za ta matse shi, ranar da ta so bugawa a Jega ya fito da tsatsa. Ingancin takardarsa ba laifi, mai ɗan kauri ce, ba ta kama zanen yatsa sosai. Ko za ta kai shekara talatin kamar na Kawu, wannan sai wanda ya rayu.

Fuskar Inna a sabon bugun ba ta fito tas ba. Dishi-dishi take, kamar kana hangen mutum ta cikin hayaƙi, kuma da ma cikin hayaƙin take. Amma tsagen yana nan, ana iya ƙirga na kumatun dama. Wushirya tana nan.

Da na koma Argungu da shi Yaya ba ta ce komai a kan fuskar ba, ta dai sa bakin mayafi ta share ido, ta ci gaba da bin hoton da yatsa tana kiran sunayen abubuwa. Ga kwallar da aka kawo Inna da ita gidan miji. Ga dogonyaron da aka sare da za a yi ɗakin bulo. Ga ƙofar da ke ɓullewa gidan Gwaggo, wadda aka toshe bayan rabon gado, ni har na manta an taɓa yin ƙofa a wurin. Sai yatsanta ya tsaya a kusurwar ƙasa, daidai gefen kwanan watan, wurin da bugun farko ya datse. Ƙafa ce guda ɗaya a cikin takalmin fata, da bakin farar riga, da hannu riƙe da buta.

Baba bai yarda da hoto ba ko kaɗan. Almajiri ne na zaure, yana cikin masu ganin barinsa ya fi, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya isa ya nuna masa kyamara. In Kawu ya fito da ita sai ya tashi ya bar wurin. Ga alama tashin yake yi ke nan fim ya kama shi. Yaya ta gane shi da babban yatsan ƙafar, wanda farcensa ya fita tun yana saurayi bai sake tsirowa daidai ba. Kuma da muka bi inda idon Inna yake kallo, shi take yi wa faɗan nan da dariya.

Na ce mata anya ya dace mu rataye, tunda mai ƙafar bai so ba? Ta ce, "Huska yah hana. Bai hana ƙahwa ba." Duk da haka ba ta rataye ba, ta sa shi a cikin adakar, a sama wannan karon, cikin sabon ambulan, ta ce bulo biyu za a sa a ɗaga adakar daga ƙasa kafin damina.

Na kira Kawu a Sakkwato na gaya masa uku sun narke. Ya ce yana jin baƙaƙen fim ɗin suna nan a wani ambulan cikin kayansa, in gara ba ta riga mu ba. Na tambayi dattijon ko zai iya ciro hoto daga jikinsu, ya ce injinsa na takarda ne kawai, ba ya ɗaukar fim, sai dai in nema a Sakkwato ko Kano. Kawu ya ce zai duba bayan Juma'a.